Pil mai lamba 9900: ƙarya ce ake saida muna, mu kuma muna kai ta ɗaka

Jama'ar Illela, Badagishiri, Malbaza da Ƙonni! Yau maganar tocila za mu yi, kuma ba za mu rufe ma kowa ba.

Tun watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke ma Nijar kuran bayan juyin mulki, tocilan nan masu caji suka cika muna kasuwa. Kuran ya dawo a Maris na 2024, su kuwa sun zauna daram, don ƙauyukanmu da yawa ba su taɓa ganin waya ba balle a yanke musu. Mai gadin shago, mai ban ruwan albasa da dare a Galmi da Tsarnawa, makiyayi, ɗan kabu-kabu, kowa yana son mai hasken da ke kai ƙarshen gona. Ba mu ga laifin kowa ba a nan. Rigimarmu da abin da ke cikin tocilar ce.

Ku kwance gindinta ku duba. Galibi za ku iske pil ɗin lithium mai suna 18650, watau kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Manyan kamfanonin da suka gwanance da ƙera shi, irin su Samsung, LG da Panasonic, nasu mafi ƙarfi yana tsayawa wajen 3500 mAh. To don Allah, wanda aka shimfiɗa a tabarma, ba sunan kamfani ba adireshi, an buga masa 8800 ko 9900, ina ya samo sauran? Ƙarya ce tsagwaronta. Masu na'urar gwaji sun sha auna irinsu su tarar ko 1000 ba su kai ba. Wasu ma tsofaffi ne da aka ciro daga matattun kwamfutoci aka sake musu riga.

In da ƙaryar ta tsaya ga saurin mutuwa, da mun ce asarar kuɗi ce kawai. Amma tocila mai ƙarfi tana jan wuta da yawa, pil ɗin da bai iya ɗauka sai ya yi ta ɗumi. Lithium kuwa in zafinsa ya wuce iyaka, shi ke hura kansa: ya fidda iska mai guba, ya kama da wuta. Na kirki yana da ƙofar huci da abin yanke wuta a ƙarƙashin kansa, na jabu sau da yawa babu. Ga shi jikin tocilar ƙarfe ne an toshe shi da roba don ruwa, iskar ba ta da mafita, sai fashewa a hannun mai riƙe da ita. Mai cin pil biyu a jere ta fi haɗari: in ɗaya ya riga ƙarewa, ɗan'uwansa ya dinga tura masa wuta a baibai.

Kada wani ya ce tsoron Turawa ne. A 2016 Samsung da kanta, da injiniyoyinta da kuɗinta, ta janye wayar Galaxy Note 7 wajen miliyan 2.5 saboda batirinta na kamawa. A Janairun 2021 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta gargaɗi mutane kan sayen 18650 tsirara. Kamfanonin da kansu sun ce kada a yi caji in zafi ya haura digiri 45. A Afrilu da Mayu inuwarmu ma tana kusantar haka, mu kuwa ƙarƙashin kwano muke jona shi da rana tsaka, kusa da katifa, zana, rumbun hatsi, wani wurin har da kwalaben esansi.

Mun san amsar mai shago: "Ni hwa saro shi na yi, ba ni na ƙera ba." A'a Alhaji. Wanda ya saida maka buhun gero rabinsa rairayi ba za ka karɓi wannan magana daga bakinsa ba. In ba ka sani ba a da, yau ka sani. Mai saye kuma yana cewa talaka ina ya ga kuɗin na asali? Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Amma pil ɗin da bai riƙe kashi ɗaya cikin uku na abin da na kirki ke riƙewa, sau nawa za ka saye shi a shekara? Araha ba ta ado, wannan kuwa har gida tana iya ci.

Gane shi ba wuya. Na kirki yana da nauyin giram 45 zuwa 48, na jabu sau da yawa bai wuce talatin da 'yan kai ba. Ƙaramin sikeli ya isa. Duk wanda lambarsa ta zarce 4000, ku aje masa abinsa. Wanda rigarsa ta yage, ya lotse ko ya kumbura, ya gama aiki. Kada a haɗa sabo da tsoho. Kada a zuba shi aljihu da makulli ko canji, ƙarfe na haɗa bakinsa biyu. A yi caji a inuwa, bisa ƙasa ko siminti, ido na kai, ba a kwana a bar shi jone ba. In ya fara huci, a nisanta yara, kada a shaƙi hayaƙin. Mataccen kuma kada a jefa shi bola, kun san bolarmu wuta ake sa mata, yara na tsaye.

Ga hukuma kuma: kayan nan ba daga sama suka faɗo ba, ta hanya suka shigo. 'Yan duwan na Ƙonni da hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya, ƙarya ce rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kaya, ba ta buƙatar dogon bincike. Magadan gari su kira 'yan tireda da masu shagon caji su yi musu bayani tun kafin bazara.

Mu kuwa ranar kasuwa mu tambayi nauyi, mu ƙi 9900. In ya kwana biyu bai fita ba, mai saro shi zai daina. Ku tura ma wanda kuka san yana da irin tocilar nan a ɗaka. Allah ya kare mu da iyalanmu daga gobara.