Ra'ayinmu: Haƙorin Ɗalibi Amana Ne A Hannun Malami

Daga Dambatta zuwa Makoɗa da Kunci, da wuya a sami malamin firamare da ba a taɓa kawo masa yaro baki jina-jina ba. Wani daga bishiyar mangwaro ya faɗo, wani a wurin langa ko ƙwallo ya yi karo, wani kuwa jaki ne ya harbe shi. Abin da muka saba shi ne mu kuskure masa baki da ruwan gishiri mu tura shi gida, haƙorin da ya fita kuma mu bar shi cikin turɓaya. A nan muke yin asarar da ba ta da mayi.

Tun daga shekara shida zuwa takwas yaro ke famfara, haƙoran gaba na dindindin su fito. Idan irin wannan ya fita ɗungurungum, likitocin haƙori suna iya mai da shi ya kama, muddin ba a bari ya bushe ba. Sa'a guda ta farko ita ce kan gaba. A ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare. A ɗauraye shi kaɗan, a mai da shi gurbinsa, yaron ya cije tsabtataccen ƙyalle. In hakan ya gagara, a jefa shi cikin madara sabuwa, ba nono mai tsami ba, a nufi asibiti. Can za a ɗaure shi da siririyar waya jikin maƙwabtansa kamar mako biyu. Haƙorin da bai yi famfara ba kuwa, ba a mai da shi, domin yana iya ɓata wanda ke tsirowa ƙarƙashinsa.

Karayar muƙamuƙi ta fi wannan ɓoyuwa. Yaron da ya faɗi kan haɓarsa, ya ce gaban kunnensa na ciwo, ko haƙoransa sun daina haɗuwa daidai, ba aikin mai ɗori ba ne, hoton ƙashi yake buƙata. Ƙashin yaro na saurin haɗewa: sau da yawa abinci mai laushi da ɗaurin 'yan makonni sun wadatar. Amma in aka yi sakaci, gaɓar na iya daskarewa, baki ya ƙi buɗuwa, fuska ta girma a karkace, har sai an kai ga tiyata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Don haka muna kira ga Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma da ta sa wannan darasi cikin bitar malamai, ta kuma wadata kowace makaranta da akwatin taimakon gaggawa. Kwamitocin iyaye da malamai su ware kuɗin mota tun kafin ranar ta zo, domin uban da ke gona ba ya samuwa cikin sa'a guda. Mu kuma malamai, mu daina jiran kiran shugaban makaranta kafin mu duƙa mu tsinci haƙorin nan.

Allah Ya kare mana 'ya'yanmu, amin.