LAFIYA UWAR JIKI: Hoton cikin yaro

Jama'ar Cadawa, manoma da makiyaya, a wannan wata za mu yi magana bisa ciwon daji na hanta. Ba ya da yawa ga yara, amma yana kisa. Ya fi kama yaron da bai kai shekara 5 ba.

Ga alamarsa: cikin yaro ya kumbura, a ji wani abu mai tauri a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Yaro ya bar cin abinci, ya rame. Wannan ba saifa ba ce, ita saifa tana hagu. Kada a kai shi wurin wanzami a yi mashi tsaga ko sakiya. A kai shi gidan likita.

Makiyayi ba ya ganin hantar dabba sai an yanka. Lokotoro kuwa yana da na'urar ganin hantar yaro ba tare da wuƙa ba. Ta farko sunanta ekogarafi. Ana shafa mai a ciki, a ɗora ta, hanta ta fito a allo. Babu zafi. In an ga ƙari, daga Agye sai a tura ku Maradi ko Yamai, a ɗauki hoto na biyu da sikana.

Waɗansu iyaye suna cewa: an riga an ɗauki hoto, na biyu na mene ne? Ku saurara. Likitoci suna raba hanta kashi 4, kamar gona. Hoton farko ya ce ƙuduji ya shiga gona. Na biyu shi ke faɗin kashi nawa ya ci, ko ya taɓa manyan jijiyoyin jini, ko ya kai huhu. Don haka ake ɗaukar ƙirji ma. In da sauran wuri mai lafiya, ana ba da magani ƙarin ya ragu, sannan a yanke shi. Hanta tana sake tofowa. In aka daɗe a gida, ciwon ya game ko'ina, aikin ya yi wuya.

Hoto ba magani ba ne, jagora ne. Ku adana shi da takardun yaro, kada ruwa ya taɓa.

Rigakafi kuma ya fi magani. Tun shekarar 2008 allurar jarirai a Nijar ta haɗa da ta ciwon hanta: sati 6, sati 10, sati 14. Gyaɗa da masara masu fumfuna suna ɓata hanta. Ku shanya su da kyau, ku tsince ruɓaɓɓu, kada yara su ci.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.