ZAUREN ZANGO: Tukuici Ba A Roƙonsa

 

A watan jiya wata hidima ta kai mu Lome, muka sauka wajen dangi a Agoe-Zongo. Ran da za mu juyo, wani ɗan wanmu da ke sayar da jakunkunan fata da takalma ya ce mu biyo shi mu ga ciniki, wai jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido ya shigo tun da asuba. Muka bi shi har kusa da babbar kasuwa. Ba mu daɗe ba sai ga motocin safa sun tsaya, Turawa suka fara fitowa, yawancinsu tsofaffi. Kafin su taka ƙasa samari sun yanyame su, kowa na faɗin "kado, kado". Wani saurayi, wanda daga jin Hausarsa mun san ɗan gida ne, ya karɓe jakar wata tsohuwa ba ta sa shi ba, ya riƙe mata taku ashirin, ya miƙa hannu. Ta ba shi 'yan tsaba, ya raina, ya bi ta yana ƙorafi. Matar ta tsorata ta koma mota, sauran suka bi bayanta. Ɗan wanmu da abokan sana'arsa ko zobe ba su sayar ba a wannan zuwan. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Wannan magana ta shafe mu, ko da yake teku na nesa da mu. Daga Sokode zuwa Lome wajen kilomita 340 ne, daga Dapaong kuwa ya haura 600. Amma gida nawa ne a Zangonmu da ba su da yaro a Lome? Wani na dako, wani na tuƙa zemijan, wani na tallar kayan fata, wani na yi wa baƙi jagora. Tun da aka sa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes a shekarar 2022, ba ƙaramin dalili samarin arewa suka samu ba na gangarawa kudu neman abinci. Duk abin da suka yi a can, da sunanmu suke yinsa.

Bari mu fara da shi kansa jirgin. Irin waɗannan jirage otal ne a kan ruwa. Masu kewaya gaɓar Afirka ta Yamma sukan tashi daga Afirka ta Kudu su nufi Turai, ko su yi akasin haka, suna yada zango a tashoshi kamar Kwatano, Lome, Tema, Abijan da Dakar. Yawanci da safe suke shigowa, kafin dare sun tashi. A cikin jirgin, manyan kamfanonin Amurka sukan ɗora wa kowane fasinja kuɗin tukuici na dala 15 zuwa 20 a kowace rana. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wato wajen jaka goma ke nan a yini. Ana rubuta shi a lissafin mutum ba sai an tambaye shi ba, a raba wa masu gyaran ɗaki da masu kai abinci, waɗanda da yawansu 'yan Filifin ne da Indunusiya da Indiya, masu yin watanni ba su ga iyalinsu ba. Wasu kamfanonin kuma tun a kuɗin tikiti suke haɗa shi. Idan muka tuna cewa mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 sefa 52,500 ne a wata, za mu ga tukuicin kwana biyar ko shida na fasinja ɗaya ya kai albashin lebura.

Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya sauko daga wannan jirgi ya san tukuici sarai, ya kuma saba bayarwa. Ba rowa ce ta mayar da tsohuwar nan mota ba. A inda ta fito, aiki ke zuwa tukuna, kuɗi ya biyo baya, kuma ba wanda ke bin ta da hannu a miƙe. Da aka juya mata abin, sai ta ɗauka fashi ne.

To mu fa, wa zai koya mana wannan? Hausa ta riga ta raba kalmomin nan tun kafin a gina tashar jirgin Lome a 1968. Akwai lada, wato abin da aka yi jinga a kansa kafin a fara aiki. Wannan haƙƙi ne, in an hana ka sai ka kai ƙara, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai la'ada, rabon dillali idan ciniki ya faɗa, kowa ya san da ita, ba a ɓoye ta. Akwai tukuici, abin da ake ba ɗan aike in ya kawo kyauta, ko wanda aikinsa ya faranta rai. Shi daga zuciyar mai bayarwa yake fitowa, ba a yanka masa farashi, ba a kuma raina shi. Sai na huɗu, roƙo. Duk tukuicin da aka nema da baki ya tashi daga tukuici ya koma roƙo. Na biyar kuwa, wanda ake cusa wa mai kaki a shingen hanya, ba ya cikin wannan sahu ko kusa, sunansa cin hanci ko da an kira shi goro.

Kuma karɓar baƙi ba sabuwar sana'a ba ce gare mu. Hanyar goro ce ta kawo kakanninmu ƙasar nan, daga Kano da Katsina ta Borgu da Jugu zuwa Salaga, wasu kuma ta Sansanne-Mango. Unguwar Didaure a Sokode a kan wannan fatauci ta tashi. Kowane ayari na da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya da mashaya. A zango kuma akwai maigida mai saukar da fatake, ya ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya ɗauki la'adarsa. Jarinsa amana ce. Ran da ya cuci baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa Kano, baɗi ba mai sauka gidansa. Yau ma haka abin yake, sai dai labarin ya fi sauri, domin fasinjan jirgi kafin ya kwanta ya rubuta abin da ya gani a intanet, na jirgi mai zuwa su karanta.

Saboda haka ga shawara ga 'ya'yanmu masu yi wa baƙi jagora a Lome. Tambaya ta farko ga baƙo ita ce ƙarfe nawa aka ce ya koma jirgi. Jirgi kan jira motocin da shi ya shirya, amma ba ya jiran wanda ya fita da kansa ya makara. In ka sa baƙo ya rasa jirginsa, sai ya bi shi wata ƙasa da kuɗin aljihunsa. Ka ware aƙalla awa ɗaya da rabi ta dawowa, don cunkoson manyan motoci a hanyar tasha ba ya sanarwa.

Mai awa huɗu, a bar shi cikin gari. Ga kasuwar Akodessewa ta kayan tsafi da magungunan gargajiya, ba nisa da tasha, kuma can akan biya kuɗin shiga da na ɗaukar hoto, sai a gaya masa tun a mota. Ga babban cocin da aka gina zamanin Jamusawa a farkon ƙarnin da ya wuce, daf da babbar kasuwa wadda gobara ta ci gininta a Janairun 2013. Ga tsohuwar fadar gwamna a bakin teku, da aka gyara aka buɗe wa jama'a a 2019. Ga ragowar ƙarafan tsohuwar gadar jirage a cikin ruwa. Mai awa shida ko bakwai, ana iya kai shi gabas: Agbodrafo, inda gidan bayi yake da ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa wanda mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki, sa'an nan a ƙetare tabki da kwalekwale zuwa Togoville, garin da ƙasar ta samo sunanta bayan yarjejeniyar 1884 da Jamus. In da sauran lokaci a leƙa Aneho, kilomita 45 daga Lome. Kpalime kuwa kilomita 120 ce, zuwa da dawowa sun cinye rabin yini, kada kwaɗayi ya sa ka ɗauki mai gajeren lokaci zuwa can.

Batun kuɗi, a gama shi kafin a tayar da mota. A faɗi na mota, na jagora, na shiga wurare, na mai kwalekwale, in da hali a rubuta a takarda. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ya hawa ba ya sauka, kada a yi wa baƙo wasa da canji. In za ka kai shi rumfar ɗan'uwanka kuma kana da la'ada a ciki, ba laifi ba ne, amma kada ka rantse masa cewa duk Lome nan ne kaɗai ake samun kayan. In an rabu ya ƙara maka wani abu, ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya. In bai ƙara ba, ladanka ya riga ya shiga aljihu, ka yi masa fatan sauka lafiya.

A nan gida ma muna da aiki. Fasinjan jirgi ba ya isowa Sokode, amma masu zuwa ta mota suna ratsa mu, wasu za su dutsen Alejo, wasu Kutammaku wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, wasu kuma sun zo kallon bikin Gadao-Adossa. Da can har kogunan dutse na Nok kusa da Dapaong sukan kai. Wa bai taɓa ganin yaranmu suna bin motarsu da gudu suna neman kado ba? Mukan yi dariya mu ce yarinta ce. Yaron nan ne fa zai girma ya tafi Lome ya karɓe jakar tsohuwa. Iyaye da malaman allo su tsawata tun yanzu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kanmu kuma mu dubi namu hannun. Mukan sauka tashar mota a Lome, ɗan dako ya ɗauki buhunmu a ka cikin rana, mu tsaya muna ja-in-ja da shi a kan dala goma. Yaron mota ya kula da kayanmu tun daga Dapaong, mu sauka ko sannu. Alhaji ya dawo daga Makka yana yabon wanda ya tura masa keken mahaifiyarsa wajen ɗawafi, a tambaye shi me ya ba shi bayan ladansa, ya yi shiru. In muna so 'ya'yanmu su daina roƙo, sai su ga cewa mai aikin kirki ana ba shi ba tare da ya buɗe baki ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Muna roƙon sarakunan Zango da shugabannin 'yan kasuwarmu na Lome su tara samarin nan kafin jirgi na gaba ya shigo, a tsayar da farashi ɗaya, a naɗa babba mai sa ido. Duk mai yaro a can kuma, ya karanta masa wannan shafi ko ta waya ce.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.