Ra'ayinmu: A gasa burodin alkama a gida, amma da alkamar wa?

Yamai gari ne na burodi. Kafin a fito daga sallar asuba, masu babura sun riga sun fara rarraba dogon burodin nan na baget zuwa teburan masu shayi da shagunan unguwa. Gadon mulkin Faransa ne, kuma kusan duk fulawar da ake yin sa da ita daga ƙetare take shigowa. A gefe guda kuma ga shawarar da ake yawan bai wa matan gida: su riƙa gasa ƙananan burodi da kansu, da garin alkama wanda ba a raba shi da dusarsa ba, a ci da miya ko shayi da dare. Mun duba shawarar, kuma muna tare da ita, sai dai da sharuɗɗan da masu yaɗa ta ba su cika faɗa ba.

Hujjar lafiya tana da ƙarfi. Ƙwayar alkama kashi uku ce: dusar waje, farin ciki mai sitaci, da ɗan idon da ke tsirowa. Masana'antar fulawa tana riƙe farin ne kawai, ta ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar, wanda yawanci abincin dabbobi yake komawa. A nan ake asarar mafi yawan harzar da ke taimaka wa hanji: giram 100 na garin alkama cikakke yana da kimanin giram 10 zuwa 11 nata, farar fulawa kuwa ba ta wuce giram 3. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Wadda ta kwaɓa da hannunta ta san adadin gishiri da sukari da man da ta zuba. Mai saye a titi bai sani ba, kuma ba banza ba hukumar NAFDAC a Najeriya ta haramta sinadarin buromet da wasu masu gidajen burodi ke sawa don ya kumbura.

Ana kuma kawo hujjar dogaro da kai, kuma a nan ne muke so a yi hattara. Gaskiya ne mun sha wuya. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya tayar da farashin alkama a duniya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe hanyar Kwatano zuwa Gaya, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, da ƙarin kwanaki da ƙarin kuɗin mota. Amma idan uwargida ta je babban kanti ta sayi ƙunshin garin alkama da aka niƙa a Turai, ba ta rage dogaro da ƙetare da ko tiya ɗaya ba. Ta ƙara wa kanta tsada ne kawai.

Akwai sauran ƙorafe-ƙorafe, kuma masu yin su ba su yi ƙarya ba. Gidaje ƙalilan ne ke da tandar gas ko ta lantarki, kuma wanda ya zauna a Yamai lokacin da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023 ya san abin da ake nufi da dogara ga lantarki. Kunna wuta don burodi goma sha biyu ya fi cin makamashi a kan kowane burodi fiye da tandar gidan burodi mai gasa ɗaruruwa. Garin alkama cikakke ba ya jure ajiya: man da ke cikin idon ƙwayar yana saurin lalacewa, balle a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, sai gari ya yi ɗaci. Fulawar masana'anta a ƙasashen ƙungiyar UEMOA ana ƙara mata sinadarin ƙarfe da folik asid, abin da mai juna biyu ke buƙata, garin injin unguwa kuwa ba a ƙara masa komai. Sannan aikin kansa a wuyan mace yake sauka, wadda tuni tuwo da miya da wanki suka cika mata yini.

Abin da ya fi damun mu shi ne masu ciwon sukari. An cusa wa mutane cewa alkama magani ce. Ba haka ba ne. Garin alkama da aka niƙa ya yi laushi yana ɗaga sukarin jini kusan daidai da farin burodi. Amfaninsa shi ne ya fi riƙe ciki, ya fi harza. Mai ciwon sukari da ya ci burodin alkama huɗu a zama ɗaya da sunan lafiya ya cutar da kansa, kuma maganar likitansa ce a gaba da tamu.

To me ya sa duk da haka muke goyon baya? Domin Nijar tana da alkamarta, kuma ba ta samun masu saye yadda ya kamata. A lambunan Abzin, irin su Timiya da Tabelot, ana shuka ta da sanyin hunturu a girbe kafin bazara. Ana noma ta a fadamun ban-ruwa na Birnin Ƙonni da kuma bakin Komadugu a jihar Difa. Abzinawa sun daɗe suna gasa tagella cikin yashi da toka mai zafi, Hausawa kuma sun san funkaso da alkaki da gurasa tun kafin baget ya iso. Abin da ake nomawa kaɗan ne, ba zai ciyar da gidajen burodin Yamai ba. Amma ya isa ga gidan da zai nemi tiya ɗaya a kasuwar Katako ko ta Wadata, a tsince, a wanke, a shanya, a kai inji ba tare da surfe ba. A niƙa abin da za a cinye cikin mako biyu kawai.

Aikin ba shi da wuya in an san halin garin. Dusa tana shan ruwa, tana kuma yanke danƙon ƙullu, shi ya sa burodin farko kan fito da tauri. Ga rabin kilo na gari, a sa ruwan ɗumi ko madara kimanin mililita 350, yis ƙaramin cokali biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, mai babban cokali biyu, da ɗan zuma. A kwaɓa, a rufe minti 20 zuwa 30 dusar ta jiƙu kafin a murza. Wannan hutun ne mutane ke tsallakewa. A zafin Yamai ƙullu kan ninka cikin ƙasa da awa ɗaya, don haka a sa masa ido, in ya wuce zai yi tsami ya faɗi. A raba goma sha biyu, a mulmula, a bari ya sake tashi, a gasa minti 15 zuwa 20 a digiri 190. Marar tanda ta zuba yashi a gindin babbar tukunya ta ɗora garwashi a kan marfi, yadda ake gasa kek. Ga yaran da suka saba da farin burodi, a fara da rabi alkama rabi fulawa, wanda kuma ke maido da ɗan sinadarin ƙarfen nan.

Muna ƙara da gero. Nijar na sahun gaba a duniya wajen noman shi, kuma cibiyar fasahar abinci ta ITA a Dakar ta daɗe da nuna cewa burodi yana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari na garin gero ba tare da ya lalace ba. Muna so cibiyar binciken noma ta INRAN da hukumar filayen ban-ruwa ta ONAHA su ɗauki wannan da muhimmanci: irin alkama mai jure zafi ga manomi, da hanyar da za ta kawo ta kasuwannin Yamai da sunanta a jikin buhu.

Hukuncinmu shi ne: a gasa, sau ɗaya ko biyu a mako, da alkamar ƙasa da ɗan gero, a matsayin abinci ba magani ba. Gidan da ba shi da hali kada ya ɗauka ya gaza, tuwon gero da miyar kuka ba wanda ke bin su bashi. Inda aka fi samun riba shi ne mata biyar ko shida na unguwa ɗaya su haɗa kuɗin alkama da na gas, ɗaya ta gasa wa kowa, abin da ya rage a kai wa mai shayin bakin layi ya gwada wa masu sayensa.