Kwamfuta ta fara zana makarin dafi, amma ba ta san kububuwa ba tukuna

Duk wanda ya san fadamun Kogin Binuwai ya san cewa girbi a can ba ya zuwa shi kaɗai. Daga gonakin shinkafa na Tafkin Geriyo a Jimeta zuwa filayen da mutanen Bako da Yolde Pate da Namtari ke nomawa a kewayen Yola, lokacin da manomi ke sunkuyawa ya ɗebi dami shi ne lokacin da kububuwa ke kwance a ƙarƙashinsa. Ƙaramar macijiya ce mai launin ƙasa, wadda wasu ke wa laƙabi da gobe-da-nisa, kuma ita ce ke da alhakin mafi yawan mace-macen saran maciji a yankin savana na Najeriya. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara yana iya komawa gida da ƙafarsa, sai bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi da fitsari da tsoffin tabo, wani lokaci ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa. Likitoci sun daɗe da ƙiyasta cewa idan babu makari, cikin mutum goma da ta sara ɗaya ko biyu ba sa tashi. A shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar 2012 da 2022, ambaliya ta kori macizai daga ramukansu zuwa tudun da mutane ma suka gudu.

Wurin da jama'ar wannan yanki suka fi sani da maganin saran maciji shi ne Kaltungo a Jihar Gombe, inda marasa lafiya ke zuwa daga Adamawa da Taraba da Bauchi, har da ƙetaren iyaka. Daga Yola tafiyar sa'o'i ce ta Numan da Cham, ga wanda ya samu mota kuma yake da kuɗinta.

Makarin da ake ba shi idan ya isa, asalinsa tsohuwar dabara ce ta ƙarshen ƙarni na 19, wadda Bafaranshe Albert Calmette na cikin waɗanda suka ɓullo da ita. Ana tatsar dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan har jikin dabbar ya ƙera garkuwa, sannan a ɗebi jininta a tace garkuwar a zuba a kwalba. Makarin EchiTAb, wanda aka yi shi musamman domin macizan Najeriya, ta wannan hanya ya samu: an kwashi macizai daga nan zuwa Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi da ke Libaful a Ingila, aka tatse su a can, aka haɗa nau'i ɗaya da tumaki a yankin Wales, ɗayan kuma da dawaki a ƙasar Kosta Rika. An gwada su biyun a kan marasa lafiya 400 a Kaltungo, aka wallafa sakamakon a 2010. Aiki ne da ya ceci rayuka masu yawa, kuma ya cancanci yabo. Sai dai macijin namu ne, majinyacin namu ne, masana'antar kuwa tana wata nahiya, ana kuma biyanta da kuɗin waje. Shi ya sa kusan kowace kaka sai an ji labarin ƙarancin makari, farashin kwalba ɗaya ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, ga shi sau da yawa kwalba ɗaya ba ta isa.

A cikin wannan hali ne wani labari ya fito daga ɗakunan gwaje-gwaje na Amurka da Turai wanda ya kamata mahukuntan Adamawa da na Abuja su karanta da natsuwa. A watan Janairun 2025, mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa aikin ayarin Farfesa David Baker na Jami'ar Washinton da ke Siyatil, tare da Timothy Jenkins na Jami'ar Fasaha ta Denmak da wasu masana, ciki har da na Libaful. Sun yi amfani da ƙirƙirarriyar basira suka zana sababbin furotin waɗanda babu irinsu a jikin kowace halitta, aikinsu kawai shi ne su kama gubar da ke cikin dafin macizai dangin gamsheƙa su hana ta aiki. Da aka yi wa ɓeraye allurar gubar da za ta kashe su, sannan aka ba su wannan furotin, kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari suka rayu, gwargwadon irin gubar da yawan maganin. Ba a taɓa doki ko tunkiya ba.

Fahimtar yadda hakan ya yiwu na buƙatar ɗan bayani. Furotin shi ne ma'aikacin jikin duk mai rai. Shi ke ɗaukar iska a jini, shi ke narka abinci. Garkuwar jiki furotin ce, yawancin gubar dafin maciji ma furotin ce. Kowane furotin sarƙa ce da aka jera daga tubala iri 20, kuma da zarar an jera ta sai ta naɗe kanta ta ɗauki wata siffa ta musamman. Siffar ce ke yanke abin da zai iya yi, kamar yadda haƙoran mabuɗi ke yanke ƙofar da zai buɗe. Shekara hamsin masana suna fama da tambaya guda: idan an san jerin tubalan, ta yaya za a san siffar? A da, gano siffar furotin ɗaya kan ci wa ɗalibin digirin digirgir shekaru. Abin da suka gano a hankali suka riƙa tarawa a wata taska da aka buɗe a 1971, wadda yanzu ke ɗauke da siffofi sama da 200,000. Wannan taska aka ɗora wa kwamfuta ta yi ta bita har ta koyi ƙa'idar naɗewar. A 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta nuna tana iya hasashen siffa kusan daidai da gwajin ɗakin bincike, zuwa 2022 kuma ta fitar da hasashen siffar furotin sama da miliyan 200, aka buɗe wa kowa kyauta.

Ayarin Baker sun bi ta ɗaya ɓangaren. Maimakon su tambayi siffar abin da yake akwai, sai su nuna wa manhajarsu mai suna RFdiffusion ƙofar, wato gubar, su ce ta zana mabuɗin. Wata manhajar ta zaɓi jerin tubalan da za su ba da wannan siffa, wata ta sake dubawa ta watsar da waɗanda ba su yi ba, sai kaɗan da suka tsira a kai su gwaji na zahiri. A kan wannan fanni ne aka raba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai ta 2024: rabi ga Baker, rabi ga Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind. Kuma ba mafarki ba ne, domin tun 2022 Koriya ta Kudu ta amince da wata allurar rigakafin korona da aka gina a kan furotin da aka zana a cibiyar Baker.

Abin da ya sa wannan ya shafi mai noman shinkafa a Geriyo a fili yake. Irin waɗannan furotin ƙanana ne, ana iya sa ƙwayoyin bakteriya su yi ta haifar da su a cikin tanki, kamar yadda ake samar da insulin na masu ciwon sukari. Suna jure zafi ƙwarai, abin da duk wanda ya san Yola a watan Afrilu da halin wutar lantarkin ƙaramin asibitin ƙauye zai gane darajarsa. Sannan ana sa ran ba za su tayar da jiki kamar yadda garkuwar doki kan yi wa wasu ba, wanda shi ne dalilin da ya sa ba a yarda a ba da makarin yanzu sai inda akwai ma'aikacin da zai iya tarar matsala idan ta taso.

To amma a nan ne ya kamata a rage murna. Gwajin a kan ɓeraye aka yi shi, da gubobi ɗaiɗai da aka ware, kuma tsakanin ɓera da gadon asibiti akwai shekaru na gwaji da kuɗi masu nauyi. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci ga Adamawa. Gubar da aka yi nasara a kanta ta dangin gamsheƙa ce, wadda ke shanye jijiya ta tsayar da numfashi. Kububuwa da kasa dangi ne daban, dafinsu cike yake da wasu manyan furotin masu cin jijiyoyin jini da lalata daskarewarsa, iri-iri a cikin digo guda. Mabuɗin da aka zana wa gamsheƙa ba zai buɗe ƙofar kububuwa ba.

Wannan darasi an riga an biya shi da rayuka a Afirka ta Yamma. A wani asibiti a Gana, lokacin da aka maye gurbin makarin da aka yi domin macizan Afirka da wani mai araha da aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-macen waɗanda kububuwa ta sara sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin ɗari. Dafi yana bambanta daga jinsi zuwa jinsi, har daga yanki zuwa yanki. Kwamfuta kuwa, duk ƙwarewarta, abin da aka nuna mata take zana wa magani, kuma wanda ya biya kuɗin binciken shi ke zaɓar abin da za a nuna mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, ta sanya shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma ɗauki alƙawarin rage mace-macen da rabi kafin 2030. Duk da haka, kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin makarinsa na Afirka a 2014 saboda ba ya kawo riba. Babu dalilin zaton cewa kasuwar da ta juya wa manomi baya jiya za ta tuna da shi gobe don kawai an samu sabuwar na'ura.

Saboda haka wannan jarida na ganin aikin na Najeriya ne, kuma ba daga sifili za a fara ba. Tun shekarun 1970 Farfesa David Warrell ya yi nazarin saran kububuwa daga Zariya, har zuwa Bambur a Taraba ta yau. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa sun shafe shekaru a kan wannan fanni, duniya ta san su da shi. Yola na da Jami'ar Modibbo Adama da asibitin koyarwarta, tana da Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke koyar da ilimin kwamfuta. Manhajojin AlphaFold da RFdiffusion an sake su ga masu bincike, matakin zane kuma ba ya buƙatar ginin biliyoyin naira; yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, wuta mai ɗorewa, da malamin sinadarai da zai yarda ya zauna teburi ɗaya da malamin kwamfuta, wanda a jami'o'in ƙasar nan watakila shi ne mafi wuyar samu. Ma'aikatar Sadarwa da Tattalin Arziƙin Zamani tana ta maganar ƙirƙirarriyar basira, asusun TETFund na raba kuɗin bincike duk shekara. Da wuya a sami aikin da ya fi cancantar wannan kuɗi kamar tantance gubobin dafin kububuwar kwarin Binuwai ɗaya bayan ɗaya, da zana musu makari, a cikin haɗin gwiwa da Kano da Kaltungo da Libaful.

Akwai kuma batun mallaka, wanda gara a yi shi tun kafin a ga riba. A zamanin EchiTAb macizai aka ɗauka a akwati. Yanzu jerin tubalan gubar kawai za a tura ta intanet, a zana magani a wata ƙasa, a yi masa rajista, a dawo a sayar wa jikan wanda ya kamo macijin. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan halittu da aka yi a birnin Kali na Kolombiya a 2024 ya kafa asusun raba ribar irin waɗannan bayanai, amma asusu ba ya maye gurbin yarjejeniya. Duk jami'ar da za ta ba da dafi ko bayanansa ta rubuta sharaɗin farashi da na haɗa maganin a cikin gida. Hukumar NAFDAC, wadda ta kai mataki na uku na ƙwarewa a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022, ta fara shirya yadda za ta tantance maganin da kwamfuta ta zana, kada ya iso ya tarar ba a san ta inda za a kama shi ba.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne wani jami'i ya karanta labarin Nature ya ɗauka an gama, ya ga babu dalilin ci gaba da sayen makarin doki da tunkiya mai tsada. Wanda kububuwa za ta sara a kakar bana ba zai jira gwajin shekara goma ba. Abin da zai cece shi sananne ne: kada a ɗaure ƙafar da igiya, kada a tsaga wurin, kada a ɓata kwana a wurin mai tsotsar dafi, a kai shi asibiti, a ɗebi jininsa a kwalba mai tsabta a jira minti 20, idan bai daskare ba a ɗaura masa makari. Wannan gwaji ba ya buƙatar komai sai kwalbar gilashi da agogo, kowane babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya yin sa.

Gwamnatin Adamawa na iya ware kuɗin makari a kasafinta da sunansa, ta saye shi kafin faɗuwar damina maimakon bayan an fara binne mutane, ta ajiye shi a Yola da Numan da Ganye da Mubi, ta horar da ma'aikatan jinya biyu a kowane wuri, ta kuma wajabta rubuta kowane sara: wane maciji, wace gona, wane wata, kwalba nawa aka sha, ya rayu ko bai rayu ba. Wannan rajista ita ce za ta gaya wa Kwamishinan Lafiya yawan kwalaben da zai saya baɗi, ita ce kuma za a buƙata ranar da aka tashi gwada makarin da kwamfuta ta zana a kan mutanen Bako da Namtari.