A BIYA LIKITAN TALAKA HAKKINSA

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a kasuwa da tasha da majalisun hira, wadda ya kamata mu warware ta. Duk ran da likitoci suka nemi ƙarin albashi, sai ka ji wasu 'yan'uwanmu suna cewa ai likita mai kuɗi ne, ina ruwan talaka da albashinsa. To, mu mun ce da ruwanmu ƙwarai, ga kuma dalili.

Wanda muke nufi shi ne likitan iyali, wato likitan da ke zama a ɗakin duba marasa lafiya ya ga kowa da kowa: yaro mai zazzaɓi, mace mai ciki, tsoho mai hawan jini, ɗan kasuwa mai ciwon sukari. Shi ne ke gane ciwo tun yana ƙarami, ya kashe shi da magani kaɗan. In abin ya fi ƙarfinsa, ya san inda zai tura ka. Manya ba su san darajarsa ba, don su da ƙafarsu ta yi tsami sai jirgin sama.

Ku duba abin da ke samun mai rumfa in babu wannan likita a garinsu. Ya fara da kemis, a haɗa masa ƙwayoyi, a yi masa allura ba a san ciwon ba. Sai ciwo ya ci jiki, sannan a yi shatar mota zuwa Kano ko Shika. A rufe rumfa mako biyu, mai jinya ma ya bar sana'arsa, a ci jari, a sayar da akuya, wani lokaci har gona. Ashe kuwa albashin da Gwamnati ta ƙi biyan likita daga aljihunka yake fita, ninkin ba ninkin.

Bari mu tuna wa mahukunta abin da suka yi, don mun ga suna da saurin mantuwa. A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙin, ba ta taɓa kai ko rabin wannan ba. Har zuwa ƙarshen 2021, kuɗin da ake ba likita don haɗarin kamuwa da cuta naira 5,000 ne a wata, ga zazzaɓin Lassa, ga korona. Sai da likitoci masu neman ƙwarewa suka yi yajin aiki na wata biyu a shekarar, sannan aka ɗaga shi. A 2023 aka ƙara wa yawancin likitocin Tarayya kashi 25 cikin ɗari, aka yi ta shela. Amma a watan Mayu na shekarar aka janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ku da kuke auna hatsi kun san nawa tiya ta koma. Ina ƙarin yake?

Shi ya sa suke tafiya. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Da harajinmu aka koyar da yawancinsu, yanzu Ingila da Saudiyya ke cin moriyarsu. Me mahukunta suka ce? A 2019 Ministan Ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, cewa ya yi likitoci sun yi mana yawa, mai tafiya ya tafi. A 2023 kuma wani wakili ya kawo ƙuduri a Majalisa wai a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a gida. Wato ba za a ba akuya dusa ba, sai dai a ƙara mata igiya!

Za su ce babu kuɗi. A 2017 Shugaban Ƙasa ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan. A 2023, lokacin da ake ce wa talaka ya ɗaure ciki, an saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci sababbi fil. Kuɗi na nan, sai an zo kan talaka ne asusu ke bushewa.

Ga abin da muke nema. Na ɗaya, a ƙara albashin likitan iyali daidai da tsadar kasuwa, a kuma riƙa duba shi kowace shekara. Na biyu, jihohi su biya likitocinsu daidai da na Tarayya, don bambancin nan ne ke kwashe su daga asibitocin garuruwanmu. Na uku, wanda ya yarda ya zauna a ƙauye a ba shi ƙari na musamman da gida mai ruwa da wuta. Na huɗu, dokar lafiya ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A liƙa lissafin abin da ya iso a ƙofar kowane asibiti, kowa ya gani.

Ku kuma likitoci, muna bayanku, amma da sharaɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In an biya ku, mu same ku a kan kujera da safe, kada a ce mana mu bi ku asibitin kuɗi da yamma. Ku tuna kuma in kun tafi yajin aiki, ba ɗan Minista ke mutuwa a bakin ƙofa ba.

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku kai maganar nan taron reshe da na ƙungiyar kasuwa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a da atamfa da taliya, ku tambaye shi likita nawa ne a asibitin ƙaramar hukumarku, nawa ake biyansu, yaushe aka biya su na ƙarshe. In ya kasa amsawa, ku san abin da za ku yi masa ran zaɓe. Allah ya ba mu lafiya, ya ba talaka nasara.