Tarkacen Cuffley ba kayan ado ba ne

Cikin daren 2 ga Satumba 1916, matuƙin jirgin yaƙin Birtaniya William Leefe Robinson ya harbo katafaren jirgin balan-balan na Jamus mai lamba SL 11, ya faɗo yana ci da wuta a ƙauyen Cuffley, arewa da Landan. Sojoji 16 da ke cikinsa babu wanda ya tsira. Da gari ya waye, dubban 'yan kallo suka cika jiragen ƙasa, kowa na neman guntun da zai cusa a aljihu. Daga baya aka yanyanka wayoyin jirgin, ƙungiyar Red Cross ta sayar domin tara kuɗi.

Masu kare wannan ɗabi'a har yau suna cewa irin waɗannan jirage sun kashe mutane fiye da 500 a Birtaniya, don haka murnar halas ce. Babu mai musun haƙƙin wanda ya tsira daga bom ya yi ajiyar zuciya. Amma wurin da mutane suka ƙone kabari ne, kuma sadaka ba ta wanke cinikin abin da aka tsinto daga kabari.

Hukuma kuwa ta san tarkacen da ke da amfani. Bayan mako uku, L 33 ya sauka a Little Wigborough, ma'aikatansa da rai, ƙashin jirgin bai ruguje ba. Injiniyoyi suka auna shi ciki da bai, suka kwaikwayi zubinsa wajen ƙera R34, wanda ya ƙetare Tekun Atilantika a Yulin 1919.